Yadda za ku bi sawun matan da Ingila ta kora zuwa Ostareliya, daga kotu har kabari, da wayar hannunku

Ƙannena 'yan sashen tarihi, musamman ku na Gusau da Birnin Kebbi da kullum kuke kukan an ba ku aikin bincike kan tarihin Turawa amma babu littafin kirki a laburare, wanga rubutu naku ne. Akwai wani babi na tarihin Ingila da takardunsa na asali suke zube a intanet, mafi yawa kyauta, data kawai za ku ƙona. Shi ne labarin matan da kotunan Birtaniya sunka yanke wa hukuncin kora, anka loda su cikin jirgin ruwa anka kai su can ƙarshen duniya. Abin da nake so ku yi ba wuya, ku zaɓi mace ɗaya tak ku bi ta takarda bayan takarda. Wanda ya ce zai rubuta kan dukkansu ƙarshenta kwafar Wikipedia zai yi, malaminku kuwa ya riga ku karanta ta.

Ku fara riƙe ƙashin bayan labarin don kar ku ɓace a hanya. Tun dokar 1718 Ingila take tura masu laifi Amurka, wajen Maryland da Virginia, mutum kimanin 50,000 anka kai kafin yaƙin neman 'yancin Amurka ya toshe wannan ƙofa a 1775. Gidajen kaso sunka cika maƙil, sai gwamnati ta juya Ostareliya. Ayarin farko jirage 11 ne ƙarƙashin Arthur Phillip, sun bar Portsmouth ran 13 ga Mayu 1787 sun sauka inda ake kira Sidni yanzu ran 26 ga Janairu 1788, da mata fursunoni wajen 190 a ciki. Daga nan har 1868 an kai mutum kimanin 162,000, mata a cikinsu wajen 25,000, kusan rabin matan tsibirin Tasmaniya anka kai su, wanda a lokacin ake ce wa Van Diemen's Land. An daina kai fursuna Sidni a 1840, Tasmaniya a 1853, jiragen da sunka ci gaba da zuwa yammacin Ostareliya har 1868 maza zalla sunka ɗauka, to kar wani ya ɓata datarsa yana neman mace a can.

Shawarata ku zaɓi wadda anka yi wa shari'a a Landan kuma anka kai ta Tasmaniya, tsakanin 1820 da 1853. Dalili biyu ne. Shari'un babbar kotun Landan, Old Bailey, an sa su a shafin Old Bailey Online tun daga 1674 har 1913, sama da shari'a 197,000, ana iya karanta su kalma bayan kalma. Na biyu, ma'aikatan Tasmaniya sun fi kowa naci wajen rubutu, ko tsaki mace ta yi wa uwargijiyarta anka kai ƙara sai ya shiga rajista. Matan Ailan suna da yawa ƙwarai cikin waɗanda anka kora amma bin su ya fi wuya, domin takardu masu yawa sun ƙone a gobarar ma'ajiyar takardu ta Dublin a 1922.

Kuma don Allah kar kowa ya ruga wajen Mary Reibey. Na san tana da daɗin labari, yarinya ce 'yar shekara 13 ko 14 da anka kama da satar doki tana sanye da kayan maza tana amsa sunan James Burrow, anka yanke mata shekara 7 a 1791, ta isa Sidni a 1792, ta yi aure a 1794, mijin ya mutu a 1811 ya bar ta da ɗiya bakwai da kasuwanci, ta riƙe har ta zama hamshaƙiya, yau hotonta ne a takardar dala 20 ta Ostareliya. To amma irinta nawa ne cikin 25,000? In kunka ɗauke ta kamar kun ce korar alheri ce ke nan. Ku nemi wadda ba wanda ya san sunanta.

To ku shiga Old Bailey Online, wajen bincike akwai inda za ku tace da irin hukunci da jinsin wanda ake tuhuma da shekara. Ku zaɓi hukuncin kora, mace, ku sa shekara ɗaya, misali 1840. Sunaye za su zubo. Ku buɗe kamar goma ku karanta kafin ku tsayar da ɗaya, ku nemi wadda shari'arta ke da ɗan tsawo, wadda ita kanta ta yi magana ko da layi biyu ne, domin wataƙila shi ke nan duk abin da za ku ji daga bakinta har ta mutu.

Abin da zai fara ba ku mamaki shi ne ƙanƙantar kayan. Riga, mayafi, zanen gado, cokalin azurfa, agogon aljihu, yadi daga kanti. Mafi yawansu 'yan aikin gida ne ko masu wanki da ɗinki, kayan kuma kai tsaye kantin jingina ake kai su a karɓi kuɗin haya ko na abinci, shi ya sa kusan kowace shari'a za ku ga mai kantin jingina ya zo shaida. Ku kula da kuɗin da anka yi wa kayan. Lissafin ba baƙo ba ne gare mu, shi ne wanda kakanninmu sunka yi amfani da shi kafin naira ta zo a 1973, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, in ya rikice muku ku tambayi kowane tsoho a unguwa. Muhimmancinsa shi ne a ƙarni na 18 satar kayan sule 40 a cikin gida hukuncinta rataya ne, a kanti kuwa sule 5 ma ya isa, shi ya sa za ku riƙa ganin masu taya alƙali yanke hukunci sun ce kayan na sule 39 ne alhali kowa ya san sun fi haka. Da gangan ne, ceton wuyanta ake yi. Hukuncin korar kansa yawanci shekara 7 ne ko 14 ko rai da rai, daga baya anka riƙa ba da 10 da 15.

In kuna son gwaji kafin ku fara naku, ku nemi shari'ar Mary Wade ta Janairu 1789. Ƙaramar yarinya ce mai sharar titi, ita da wata Jane Whiting sunka tuɓe wa wata 'yar shekara 8 riga da hula da ɗan mayafi, anka yanke musu hukuncin kisa. Abin da ya cece ta shi ne Sarki George na uku ya warke daga ciwon taɓin hankali a shekarar, cikin murna anka mayar wa matan da ke jiran igiya hukuncinsu ya koma kora. Ta tahi a jirgin Lady Juliana, ta rayu har 1859, cikin zuri'arta har da Kevin Rudd da ya yi Firaministan Ostareliya.

Da kun samu suna da ranar shari'a, abu na gaba jirgi. Wanga mataki kar ku tsallake shi, domin a takardun can mace da sunan jirginta ake gane ta, ba da sunan ubanta ba. Mary da Ann da Elizabeth sun yi yawa, Mary Smith kaɗai za ku samu rututu. Ku sa sunan a Digital Panopticon, shafi ne kyauta da ya haɗa takardun mutum kimanin 90,000 da anka hukunta a Old Bailey, sau da yawa zai ba ku jirgin da shekarar a take. In bai ba ku ba ku gwada rajistar fursunonin da ke shafin laburaren jihar Queensland, wadda anka kwafo daga rajistar gwamnatin Ingila mai lamba HO 11. Ku rubuta sunan jirgi tare da shekara, saboda jirgi ɗaya kan yi sawu da yawa, Emma Eugenia misali ya kai mata Tasmaniya ba sau ɗaya ba sau biyu ba. Sunan ma ku juya shi, akawu yadda ya ji yake rubutawa, kuma wasu matan suna da sunan ɓoye biyu ko uku.

Tafiyar ita kanta babi ce. Lady Juliana da mata wajen 226 kwana 309 ya yi a hanya, daga Yuli 1789 zuwa Yuni 1790. Ayari na biyu da ya biyo bayansa kuwa 'yan kwangila anka ba, ana biyansu kan wanda anka loda ba wanda anka sauke da rai ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fursunonin sunka mutu a teku. Daga 1815 anka wajabta kowane jirgi ya tahi da likitan sojan ruwa mai cikakken iko kan fursunoni, mace-mace ta ragu sosai, tafiyar ma ta dawo wajen wata huɗu. Ribar da kuke da ita a nan ita ce likitan dole ya rubuta littafin kullum, wa ta kwanta, mi ke damunta, wa ta haihu, jaririn wa anka jefa a teku. Littattafan suna ma'ajiyar takardun gwamnatin Ingila da ke Kew ƙarƙashin lamba ADM 101, kuma masu aikin sa kai na Female Convicts Research Centre da ke Hobart, babban birnin Tasmaniya, sun kwafe da yawa sun sa a shafinsu. Ko matarku ba ta yi ciwo ba ku karanta, za ku san wa ke kwance kusa da ita. Ba kowane jirgi ya isa ba ma, Amphitrite ya farfashe a gaɓar Boulogne ta Faransa a 1833, mata 108 da yara 12 ba wadda ta tsira, mutanen gari na tsaye bakin ruwa suna kallo.

In Allah ya sa matarku ta faɗo cikin jirgin Rajah na 1841 to kun tsinci dami a kala. Ya bar Woolwich a Afrilu da mata 180 ya isa Hobart ran 19 ga Yuli. Ƙungiyar matan da Elizabeth Fry, wata mai fafutukar gyara gidajen kaso da tun 1813 take shiga kurkukun Newgate na Landan, ta kafa, ta saba raba wa matan da za a kora allura da zare da ƙyallaye don su samu abin yi a hanya, kuma su samu abin sayarwa in sun sauka. Matan Rajah, ƙarƙashin wata mai kula da su Kezia Hayter, sunka harhaɗa ƙyalle 2,815 sunka ɗinka wani ƙaton mayafin gado, yana nan har yau a gidan adana zane-zane na ƙasa a Canberra. Ku nemi hotonsa ku zuƙo shi da yatsa, za ku ga wani wuri ɗinkin ya tafi sambal na gwana, wani wuri ya karkace na wadda a jirgin ta fara riƙe allura.

Yanzu mun zo inda naman yake, takardun Tasmaniya. Ku shiga shafin Libraries Tasmania ku nemi Tasmanian Names Index, ku sa suna da jirgi. Zai ba ku hoton shafukan rajista na asali. Wadda ta fi muhimmanci ita ce rajistar hali, ta mata lambarta CON40 da CON41, sai takardar siffa CON19. Hotunan suna da nauyi, ku bari sai dare lokacin da sabis ya lafa, ku sauke su gaba ɗaya, in da hali ku kai kafe a buga muku a babbar takarda, rubutun hannu ne na akawun ƙarni na 19 kuma a ƙaramin allon waya idonku ne zai sha wuya.

Takardar siffa ita ce za ta tsayar muku da mutum a gabanku. Tsayinta ƙafa nawa da inci nawa, da yawa ƙafa biyar ne ko ƙasa da haka, launin gashi da ido, zanen agana a fuska, haƙorin da ya fita, tabon ƙuna a hannu, da zanen da ta yi a fata, sau da yawa haruffan farkon sunan wani ne a damtse, miji ko saurayi ko ɗa da ta bari. An rubuta wannan ne don in ta gudu a kamo ta, ku kuwa shi ne hoton da ba ku da shi. Rajistar hali kuma daga sama za ta ba ku laifi da kotu da hukunci, da rahoton gidan kaso da na likitan jirgi, da abin da ita ta faɗa da bakinta da ta sauka, ko tana da aure, ɗiya nawa. Maganar aure ku riƙe ta da hannu biyu, wata tana da miji a gida za ta ce ya mutu don ta samu damar sake aure a can. Ƙasa kuma jerin laifuffuka ne da kwanan wata da sunan ubangida, fita ba izini, maye, tsiwa, ƙin aiki, kwana a waje, kowanne da horonsa, kwana kaza a ɗakin duhu kan burodi da ruwa, wata kaza a bahon wanki. Za ku ga gajerun haruffa a gefe, TL na nufin takardar ɗaurin talala, wato tana iya aikin kanta ta karɓi lada amma ba ta barin yankin da anka ƙayyade kuma tana zuwa ana ƙirga ta, CP kuma afuwa ce mai sharaɗin kar ta koma Birtaniya.

A nan ne nake so ku buɗe ido, kuma a nan ake gane mai bincike da mai kwafa. Tsarin, har farkon shekarun 1840, shi ne da mace ta sauka sai a raba ta gidan wani baƙon Bature ta yi masa aiki ba lada, abinci da sutura kawai. Duk wanda ya san yadda ake kawo 'yan aiki daga ƙauye zuwa gidajen GRA, ya kuma san bakin wa ake ji in anka samu saɓani tsakanin yarinyar da Hajiya, ya fahimci wannan rajistar tun kafin ya karanta. Ubangida ne ke kai ƙara, majistare, wanda shi ma yana da fursunoni a gidansa, shi ke yanke hukunci, akawu ya rubuta. In kunka ga mace ta yi fita ba izini sau huɗu daga gida ɗaya amma a wani gidan ta shekara biyu ba ko ɗigo, to tambayar ta koma kan gidan farko. In kunka ga an mayar da ita hannun gwamnati saboda ciki, ku duba gidan wa take wata tara kafin nan. Ba cewa na yi dukkansu salihai ba ne, akwai ɓarayi na gaske da mashaya a ciki, amma ku ware abin da takarda ta nuna da abin da mai riƙe da alƙalami ya ɗauka. Haka in kunka ga an rubuta cewa ta yi zaman kanta wata kaza a Landan, ku sani wannan ba laifin da ake kora a kansa ba ne, ba wadda anka kora don shi, amma manyan gari da limaman coci sun shafa wa dukkansu wannan baƙin fenti har ya bi jikokinsu.

Inda ake mayar da su shi ne gidajen da ake kira Female Factory, kurkuku ne da wurin aiki da asibitin haihuwa da wurin jiran a raba mutum duk a haɗe. Na Parramatta kusa da Sidni an buɗe sabon gininsa a 1821, na Cascades a Hobart a 1828, a wani tsohon wurin dafa barasa a gindin dutse, kwari mai sanyi da danshi. An kasa matan aji uku, 'yan aji na ƙasa su ke aikin wahala, wanki da tsefe tsohuwar igiyar jirgi, kuma aske kai na cikin horon da sunka fi tsana. A Oktoba 1827 matan Parramatta sun fasa ƙofa sun fantsama cikin gari bayan an rage musu abinci an yanke shayi da sukari. Wadda ta haihu ba aure a Cascades, bayan yaye sai ta yi wata shida na horo a ajin masu laifi, jarirai kuwa sun mutu da yawa a wurin saboda cunkoso da zawo da yayen wuri, wanda ya rayu ya kai shekara biyu ko uku a kai shi makarantar marayu ta New Town alhali uwarsa na da rai. To ku sa sunanta a rajistar haihuwa da ta mutuwa duka, a cikin wannan Names Index ɗin suke, ku nemi jariri mai sunan mahaifinta. Cascades na cikin wurare 11 na fursunonin Ostareliya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2010, hotunansa na nan birjik.

Layi biyu kuma ku ba masu ƙasar. Gonakin da anka tura matan nan aiki ƙasar Aborijin ce da anka ƙwace, a Tasmaniya ma shekarun 1820 zuwa farkon 1830 yaƙi ake yi da su har anka kusa ƙarar da su, to matarku abin tausayi ce amma a gidan wanda ya ƙwace take wanki.

Bayan wa'adi sawun yakan dushe. Kaɗan ne ƙwarai sunka koma gida, gwamnati ba ta biyan kuɗin jirgin komawa, namiji yana iya shiga aikin jirgi ya biya da ƙarfinsa, mace ba ta da wannan hanya. Fursuna ba ta aure sai da izinin gwamna, kuma takardun neman izinin suna nan a Names Index, su za su ba ku sunan mijin, daga nan da sunansa za ku ci gaba da nemanta. Ku shiga Trove, shafin laburaren ƙasa na Ostareliya mai tsoffin jaridu, ku sa sunanta da na jirgi, jaridun Hobart kan buga jerin waɗanda anka ba takardar talala da waɗanda sunka gudu da labaran kotun 'yan sanda. Duk takardar da kunka samu ku rubuta lambarta da shafinta nan take a littafi, malami zai tambaya. In har ba ku gan ta cikin matan aure ko masu lasin ɗin shago ba, ku duba rajistar gidajen gajiyayyu, a Hobart na New Town, a Sidni kuma barikin Hyde Park wanda daga 1862 zuwa 1886 anka mayar da samansa wurin ajiye tsofaffin mata marasa galihu, ku gwada da sunan mijin da nata na farko duka.